Damin Irin Baba

Ranar da ƙanena ya zo ya ce mini zai nemi kujerar depite, wato ɗan majalisa, ina kan keken ɗinki ne a shagona na unguwar Zariya a nan Maraɗi, na danne allura da leɓe. Shi ya sa ban ba shi amsa nan take ba, shi kuwa ya ɗauka shirun yarda ne. Da na zare allurar sai na ce, "Kai da babur ɗinka ma sai an tura yake tashi, kai ne za ka majalisa?" Ya yi dariya har da dukan cinya. Haka yake tun yana ƙarami, ko zaginsa ka yi sai ya nemo abin dariya a ciki, ka rasa yadda za ka ci gaba da fushi.

Shi ne autanmu. Inna ta rasu yana ƙaramin ɗan lakwal, wato makarantar boko, don haka rabin renonsa a hannuna ya yi. Ya yi karatu ya zama mushe, yana koyar da tarihi a wata makaranta nan Maraɗi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya ci masa ko dala ba. Aibinsa ɗaya ne: yana da baki, kuma ya yarda da bakin nasa. In ya fara bayanin yadda za a sauƙaƙa wa manoma taki, ko a sama wa samari aikin da ya wuce kabu-kabu, sai ka rantse gobe da safe za a fara. Ni kaina da na san shi tun yana fitsarin kwance, wani lokaci sai in samu kaina ina gyaɗa kai.

Wanda ya jawo shi cikin harkar wani Alhaji ne, ɗan kasuwar atamfa da isansi, wato man fetur, shi ke riƙe da jam'iyyarsu a nan Maraɗi. A ƙasarmu ba mutum ake dangwala wa ba, jam'iyya ake zaɓe. In ta samu kujeru, sai manyanta su zauna su ce wane da wane ne za su shiga daga cikin 'yan takararta. Alhajin ya ce wa ƙanena kada wannan ya dame shi, wanda garinsu ya fi cika musu akwati shi ne zai shiga. Ya ce su Tsibiri da Jiratawa sun daɗe suna gagarar jam'iyyar, in ya kawo su, kujera tasa ce.

Na ce, "A gaban wa ya faɗa maka haka?"

Ya ce, "Yaya, ke komai sai kin sa mishi zato. Dattijo ne hwa, ya girme ma Baba a arziki in bai girme shi a shekaru ba."

Na koma kan ɗinkina.

Sai mu je Tsibiri, gidan Baba, don can abin ya ƙare.

Baba manomi ne, bai taɓa yin wata sana'a ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. A bayan gidanmu akwai rumbuna biyu. Babban na ci ne. Ƙaramin, wanda jinkarsa ba ta fi faifai uku ba, na iri ne. A ciki yake ajiye hatsin da ya gada wurin ubansa, wani dogon zango mai kai kamar sandar makiyayi. Duk kaka, kafin a yanke hatsi, sai Baba ya bi gona shi kaɗai. In ya ga kan da ya yi masa, sai ya karyo shi ya ɗora a hannunsa, gindin a kafaɗa. In tsinin ya wuce yatsunsa, na iri ne. In bai kai ba, na tuwo ne. Waɗanda suka wuce su yake ɗaurewa damma daban, ya sa a ƙaramin rumbu, ya yaɓe bakin da laka. Ba a sake buɗewa sai ruwan shuka ya sauka.

Ba wasa nake ba da na ce ba a buɗewa. Akwai shekarar yunwa da na tuna, ina yarinya, da muka yi ta cin tafasa da ganyen jiga har bakinmu ya yi kore. Inna ta durƙusa masa ta ce ko dami guda ya fitar saboda yara. Ya ce mata in an ci yau, baɗi kuma a ci me. Ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, rumbu kuwa yana nan a yaɓe. Daga baya mutanen gari duk suka koma wa irin da ake kawowa mai saurin nuna, gajeren kai, wanda ba ya jiran doguwar damina. Suna yi wa Baba dariya, suna cewa hatsinsa sai ya gama gaisawa da kowa kafin ya nuna. Bai kula su ba. Ranar godiyar kaka a majami'a, damin Baba ne kullum ake jinginawa daban don ba ya shiga layin sauran.

Abu na biyu da aka san Baba da shi, gayya. Babu gonar da aka kira gayya a Tsibiri da kewaye bai je ba, ta Kirista ko ta Musulmi, bai taɓa tambaya ba. Shi ma in ya kira, gona cika take yi. Kuma yana da doka: wanda ya zo maka aiki ba ya komawa da yunwa, ko da za ka kwana kai da iyalinka ba ku ci ba.

Da ƙanena ya zauna gabansa yana yi masa bayanin zaɓe, da akwati, da jam'iyya, Baba ya saurara har ƙarshe yana murza igiya a cinya. Sai ya ce, "To, Auta, wannan ai gayya ce. Ka kira mutane, ka ba su abinci, su duƙa maka yini guda. Mi ne ne abin wuya a ciki? Ni na san masu zuwa."

Ƙanena ya yi tsalle ya ce wallahi duk malaman siyasa ba su taɓa faɗinta daidai haka ba. Ni ma a lokacin na ga kamar maganar ta zauna. Babu ɗayanmu da ya yi tambayar da ko yaron goye zai yi in an kira shi gayya.

Kamfe ya fara bayan an gama kai hatsi gida, sanyi ya soma shigowa. Sauran 'yan takara suna rabon sabulu da gishiri da turamen zane, wasu da abin da ake dunƙulewa a tafin hannu. Mu ba mu da ko ɗaya. Alhaji ya aiko mana da hotuna da riguna masu alamar jam'iyya da lasifika mai shaƙewa, ya ce sauran sai ƙoƙarin ɗan takara. Abin da muke da shi hatsi ne. Baba ya buɗe babban rumbu. Na rufe shagona a daidai lokacin da ɗinkin Kirsimeti ke shigowa, na hau kabu-kabu na koma Tsibiri, na ɗaura zane a ƙirji na shiga madafa.

Ban san mutum na iya gajiya har ƙashinsa ya riƙa yi masa magana ba sai a lokacin. Matan unguwa suna sussuka, wasu na surfe, ana kai niƙa, ni ina kan tukunya. Fura da safe, tuwo da rana. Ƙofar gidanmu ta zama kasuwa. Wasu sun zo jin magana, wasu sun zo cin tuwo, wasu ma na san jiya na gan su da rigar wata jam'iyya. In na yi ƙorafi sai Baba ya ce, "Zuba musu. A gayya ba a duban rigar mutum."

Kada in ci haƙƙin yaron, ya yi aiki. Babur ɗin nan da nake yi wa gori ya shiga ƙauyukan da ko masu sayen ƙwai ba sa shiga. Sau ɗaya na bi shi Jiratawa. Bai tara mutane a fili ba, cikin lambuna ya bi su, ya tuɓe takalmi ya tsaya bakin magudanar ruwa, masu zogale da tattasai suna ban ruwa yana tambayarsu abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Wani tsoho ya ce masa shekara da shekaru 'yan siyasa na zuwa, shi ne na farko da laka ta taɓa ƙafarsa. Na juya baya na share ido don kada ya gani ya samu abin faɗa. Ranar na yi alfahari da shi, ba zan ɓoye ba.

An yi ta raɗe-raɗin cewa ɗan majami'a ne, yaya za a yi. Limamin unguwarmu, maƙwabcin Baba tun suna samari, shi ya kashe maganar. Ya ce shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, uban yaron nan ne ya nome masa gona har maimai, kuma bai ji hatsin ya ƙi ciyuwa ba.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe aka ce za a yi babban miting a Tsibiri, Alhaji da kansa zai zo da manyan jam'iyya. Na leƙa babban rumbu da safen ranar, sai na ga ƙasa. Abin da ya rage bai isa ciyar da unguwa ɗaya ba, ga mutane sun fara sauka daga amalanke da motoci. Na je na faɗa wa Baba. Ya shiga ɗaki ya fito da 'yar gatarinsa, ya nufi bayan gida. Da na ga inda ya dosa sai na ruga na sha gabansa.

Na ce, "Baba, rumbun da ka hana Inna? Muna cin ganye ka hana, yau don 'yan kamfe za ka hwasa shi?"

Ya ce, "Wancan yunwarmu ce, mu muka san abinmu. Wannan mutane ne na kira. In sunka koma da yunwa, da wane ido zan dube su?"

Na yi kuka, na yi faɗa, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa uba. Ya bar ni na gama, sannan ya ɗauke ni gefe kamar yadda ake kawar da akuya daga bakin turmi, ya fasa lakar. Amma Baba ba mahaukaci ba ne. Kafin ya bari mata su ɗiba, sai da ya zaɓi dami guda, mafi kyau, ya ɗauka da kansa ya kai ɗakinsa ya jingine bayan ƙofa. Ya ce, "Wannan ya isa shuka in an yi tattali. Kowa ya taɓa shi, ni da shi ne." A gabana ya faɗa, a gaban ƙanena ya faɗa.

Alhaji ya iso da rana ta take, motoci a jere, maroƙa na gaba. Tare da shi akwai ɗansa, wani saurayi mai sheƙi da aka ce shi ma yana cikin 'yan takara. Ban ji muryarsa ba ko sau ɗaya, yana zaune a inuwa yana latsa waya. Alhaji ya ci tuwonmu ya yaba, ya ce bai taɓa cin mai zaƙi da danƙo irinsa ba. Na ce a raina, ai dole, ka ci abin da mu ba mu taɓa ci ba. Ya riƙe hannun ƙanena ya ɗaga sama, jama'a suka yi ta ihu. Baba yana zaune a kujerar gaba da rigarsa ta zuwa majami'a, fuskarsa kamar an ba shi duniya.

Ana cikin haka, tukwane duk an kankare, sai ga wata babbar mota cike da mutanen Jiratawa. Ta lalace musu a hanya, sun yini a rana ba su sa komai a baki ba. Na fito daga madafa ina tunanin gidan da zan aika a ranto hatsi ko tiya biyu, wato kwanon awo biyu, sai na ci karo da ƙanena yana fitowa daga ɗakin Baba, dami a kafaɗa.

Na riƙe igiyar damin. Na ce, "Auta, mayar."

Ya ce, "Yaya, mutanen Jiratawa ne. Su ne rabin ƙuri'ata. In sunka koma haka, na gama yawo."

Na ce, "Ka ji abin da Baba ya ce."

Ya ce, "Dami guda ne hwa. In na shiga majalisa, buhu goma na iri zan saya mishi, wanda ya hi wannan."

"A wace kasuwa?"

Ya fizge, ya fi ni ƙarfi, igiyar ta yanke mini tafin hannu. Kafin in zagaya ta cikin taro in kai ga Baba, mata sun zube damin a turmi. Na tsaya ina jin tabare na sauka. Aka yi gumba, aka dama da ruwa da sukari, mutanen Jiratawa suka sha suka yi godiya. Ba su da laifi, ba su san abin da suka sha ba. Ni dai ban taɓa ta ba.

Da yamma Baba ya shiga ɗakinsa. Ina tsakar gida ina wanke tukunya, kunnena na wurin. Ya daɗe a ciki. Da ya fito sai ya dubi hannuna da na ɗaure da tsumma, ya dubi ƙanena da ke ta raha da samari a ƙofar gida, ya ɗauki buta ya zagaya.

Ranar zaɓe tun da safe Baba ya ɗauki sandarsa ya bi gida gida, yadda yake yi in ya kira gayya. Ba ya roƙo, sallama kawai yake yi ya ce, "Yau ce hwa." Kuma suka fito. Tsofaffin da aka ɗauko a amalanke, mata da goyo, samarin da suka bar kabu-kabunsu a Maraɗi suka dawo gida don su dangwala. Ni da nake cewa 'yan cin tuwo ne, na ji kunya. Da aka ƙidaya, jam'iyyar da ba ta taɓa yin abin kirki a Tsibiri da Jiratawa ba ita ce kan gaba a duka biyun, kuma ta samu kujeru a jihar.

Aka yi ta guɗa a gidanmu. Kowa "Depite, Depite." Na koma shago na ɗinka masa babbar riga da hannuna, shadda fara, na zauna a kan aikin wuyanta kamar ta angonci. Har na fara ce wa kaina to, dami ya tafi amma bai tafi a banza ba.

Sai shiru. Ƙanena ya kira Alhaji, aka ce yana Yamai. Ya sake kira, aka ce yana hutawa. A rediyo muka ji, ina shago ƙanena yana zaune kan bencin masu jiran ɗinki. Aka karanto waɗanda jam'iyya ta ba kujeru. Na ji sunan ɗan Alhaji, mai latsa waya. Muka jira har aka gama aka sa kiɗa. Ƙanena ya ce wataƙila kuskure ne. Na ce masa ya tashi mu je, kuma ƙafata ƙafarsa.

Alhaji ya karɓe mu a falonsa, har da lemu. Ya ce, "Mushe, ka yi ƙoƙari, jam'iyya ba za ta manta ba. Amma kai yaro ne, lokacinka na tahe. Siyasa ba a yi mata gaggawa."

Ƙanena ya ce, "Alhaji, kai ka ce wanda garinsu ya cika akwati."

Ya ce, "Na ce. To motocin da anka ɗebo mutane, wa ya zuba musu isansi? Hotunan da anka manna, wa ya buga? Akwatin ai na jam'iyya ne, ba na Tsibiri ba."

Ban yi niyyar magana ba, amma bakina bai taɓa neman izinina ba. Na ce, "Alhaji, tuwon da ka ci ka yaba, ka san ko na mi ne ne? Irin shukar ubanmu ne." Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce subhanallahi, ai da an faɗa masa, wannan ƙaramin abu ne, zai sa a kai wa tsoho buhu. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ba mugunta yake yi ba a ganinsa, alheri ma yake yi. Na tashi na bar masa lemunsa.

Faɗa wa Baba ya fi komai wuya. Muka same shi yana gyaran danga. Ƙanena ya tsuguna ya kasa haɗa magana, shi mai bakin. Baba ya ce, "Mutane ba su hito ba ne?"

Ya ce, "Sun hito, Baba."

"Ba a ci ba?"

"An ci."

"To, mi ya hwaru?"

Ni na ƙarasa masa. Na ce, "Baba, an yi gayya, an nome gona tas. Sai dai gonar ba ta Auta ba ce, ta Alhaji ce, kuma ɗanshi ya ba."

Baba ya ajiye karan da ke hannunsa. Sai ya ce, "Ashe gonar wani na kai mutane." Ya sake faɗa a hankali. Washegari ya ɗauki sandarsa ya sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, yana ba su haƙuri. Na ce masa mene ne laifinsa, shi da aka cuta. Ya ce shi ya kira su, ba Alhaji ba. Tsohon da bai taɓa sunkuyar da kai a garin nan ba, na gan shi yana tsaye a ƙofar yaran da a haife ya haifi iyayensu yana cewa a yafe masa.

Buhun Alhaji ya iso kuwa, da hoton sabon depite manne a jiki. Baba ya kwance bakin, ya ɗebo ya duba, hatsin kasuwa ne gauraye, har da ƙwari. Ya ce a kai wa matan da suka yi mana sussuka su raba. Da rani hatsin awo muka ci, ni nake aikowa daga Maraɗi. Wannan bai dame ni ba, ciki ba ya tambayar daga inda tuwo ya fito.

Ƙanena ya hau babur ya koma ƙauyukan da ya bi neman ƙuri'a, yanzu yana neman zangon Baba. Duk wanda Baba ya taɓa ba iri ya je wurinsa. Kowa sai ya ce ai ya daɗe da bari, ko ya gauraye da gajeren. Ana ba shi ruwa, ana yi masa ba'a cikin raha, "Depite, yau kuma mi kake nema?" Sunan ya bi shi har yau. Wata tsohuwa a Jiratawa ta ba shi 'yan kawuna da ta ce dogaye ne. Ya kawo da murna. Baba ya murza a tafin hannu, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya ce, "Allah ya saka mata. Ba shi ba ne."

Da ruwan shuka ya sauka, garin duka ya fita gona, Baba yana zaune a tsakar gida yana kallon ƙaramin rumbu da bakinsa a buɗe. Liman ne ya aiko jikansa da ƙwarya cike da gajeren iri, wasu maƙwabta ma suka kawo. Mutanen kirki ne, ban musa ba. Baba ya karɓa ya yi godiya, ya shuka.

Kafin a yi noman farko ƙanena ya zo shago ya ce mini an ba shi aiki a Yamai, zai riƙa taimaka wa sabon depite, ya rubuta masa jawabi, ya shirya masa takardu. Na ce ya riƙe masa jaka dai. Ya ce haka ake farawa, in ba ka ciki ba za a tuna da kai ba a karo na gaba. Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Rigar da na ɗinka masa ta shiga majalisa ita ya sa ya tafi. Na kan ji jawabin ɗan Alhaji a rediyo, maganar taki da samari da masu lambu, in gane kalmomin ƙanena ɗaya bayan ɗaya, in miƙa hannu in kashe.

Damina ta yi kyau a shekarar, hatsi ya yi. Ƙanena ya zo ganin gida daidai lokacin yanka, ya yi ƙiba, ya kawo tsaraba. Da safe muka ga Baba ya nufi gona shi kaɗai kamar yadda ya saba, sai muka bi shi daga nesa. Ya shiga cikin hatsi yana dubawa. Ya karyo kai guda ya ɗora a hannu, gindin a kafaɗa. Tsinin ya tsaya a gwiwar hannu. Ya ajiye, ya ƙara gaba, ya karyo wani. Haka ya yi ta yi har ya kai ƙarshen gona, ya juyo hannu wofi.

Ƙanena ya tare shi ya durƙusa a kan kunya. Ya ce, "Baba, ka gahwarta mini. Ni na ɗauki damin."

Baba ya ce, "Na sani, Auta. Tun ranar na sani."

"Zan nemo maka ko ina yake, ko nawa ne."

Baba ya dafa kansa. Ba faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Ba nawa ba ne da za ka biya ni. Ubana ya ba ni in riƙe maka. Kai za ni ba."

Ya wuce mu ya nufi gida. Da muka iso mun tarar ya kira maƙwabci ya ce ya ɗauke jinkar ƙaramin rumbu, ya rufa wa awakinsa.